Ranar da Roto Ya Ɓace a Motar Baba Sali

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida Baba Sali a gidansa na Pitowa ya san kalmomin nan biyu: "Riƙe nan." Kafin ya ce maka sannu da zuwa ya miƙo maka wayar buji, wato fulogin mota, ya zagaya ya murɗa makulli. Ai kun tuna! Da jikin mutum yake gwada wutar tsohuwar motarsa. In ka ce "Kai!" kawai, wuta ta yi rauni. In ka yi salati ka yar da waya, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, lafiyarta lau."

Ni kuwa surukinsa ne, mijin Dija, 'yarsa ta biyu. Ba halin in ƙi, ba halin in yi ihu a gabansa. Ranar farko da ya ba ni wayar, na cije haƙora don kunya, wuta na ratsa ni har ƙeya.

"Metir," haka yake kirana don ina koyarwa, "ba ka ji komai ba?"

"Kaɗan dai, Baba."

"Kaɗan? To bari in ƙara."

Sau uku ya murɗa! Na kwana biyu alli na faɗuwa daga hannuna a aji. Tun ranar nake tsoron motar nan, ina tsoron mai ita, ban san ni za ta faɗo wa ba a ranar da ransa ya rataya a kanta.

Makaniki kuwa bai taɓa sa mata hannu ba. Cewa yake, "Su cire mai kyau su sa mini na jabu? Ina raye?" A ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida yake komai. Wayoyi huɗun nan da ke fitowa daga kan delko, wato murfin da ke raba wa buji wuta, ya raɗa musu sunayen 'ya'yansa mata: Hajara, Dija, Asta, Mairo. Ya ce wuta tana fara zuwa wa Hajara, ta tsallaka ga Asta, ta je ga Mairo, sannan ta dawo wa Dija.

Dija ta ce, "Baba, ni ce ta biyu, don me nake ƙarshe?"

"Don taurin kanki. Ko injin Nasara ya san halinki."

To, shekarar da ciwo ya kama shi, dariya ta ƙare mana. Ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sarƙewa, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Muka ce a tafi asibiti a Garwa. Ya rantse ba zai shiga motar haya a loda shi kamar buhun auduga ba, in za a je, sai dai a tasa. Wanda ya san Baba ya san in ya rantse an gama. Muka murɗa mota, ta ƙi tashi. Daga ɗaki ya ce, "Kun gani? Allah bai nufa ba."

Dada, surukata, ta ja ni gefe. "Metir, mutumin nan ba zai kai jibi a haka ba. Ka yi wani abu."

Ni? Ni da ko murfin inji ba na son a buɗe ina kusa! Amma na buɗe. Na ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da kan delko, garin sauri murfin ya suɓuce ya bugi ƙarfe ya tsage. Na leƙa ciki, na ga sanda tsirara. Roto, ɗan abin nan kamar yatsa da ke juyawa yana miƙa wa kowace waya wutarta, babu shi. Roto kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa.

Na rufe injin. Na hau babur sai Garwa, wurin masu kayan gyaran mota, na sayo sabon kan delko da sabon roto. Mai shagon ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya za ka mayar da wayoyin, ka ji? Kada ka zare su duka." Na ce na ji. Ina isa gida na jiyo tarin Baba daga ɗaki, irin tarin da ba ya ƙarewa, hankalina ya tashi, na fizge huɗun gaba ɗaya. Sai ga ni tsaye da wayoyi a hannu kamar mai tallar igiya.

Innalillahi! Zufa ta rufe mini ido. Dija ta zo ta tsaya a kaina. Ta nuna mini ɗigon jan fenti a tsohon murfin ta ce nan ne wurin Hajara, sannan ta riƙa jero mini sunayen, ina cusawa. Na danna roto ya zauna, na rufe, na yi bismilla na murɗa.

Tau! Kamar an harba bindiga. Kaji suka watse, hayaƙi ya turnuƙe, mota na jijjiga tana tari ita ma. Na sake, ta sake. Na dafa sitiyari, wallahi hawaye ne ya zo mini, don na ga mutum zai mutu a ɗaki saboda ban iya jera waya huɗu ba.

Sai muka ji murya daga taga, a shaƙe, amma cike da fushi.

"Metir! Za ka kashe mini mota? Ta baya ka zagayo! Ka sa Dija a wurin Asta!"

Kun ji mutum! Shi ya kwance ta don kada a kai shi, amma kunnensa ya kasa jure a jera masa waya ba daidai ba. Na musanya biyun, na murɗa, ta tashi sumul. Baba ya san ya kama kansa da bakinsa.

Muka ɗauko shi muka jingine shi a gaba. Muka wuce gonakin auduga. Can sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da tsohon roto, ya ajiye mini a cinya, bai dube ni ba.

"Yayana da ƙafarsa ya shiga lopital ɗin nan, asibitin Garwa, a kwance aka fito da shi. Tsoro nake ji, Metir. Kada ka gaya wa mata."

Matan, Dada da Dija, suna kujerar baya, sun ji sarai, ba wadda ta nuna. Shekara goma sha ɗaya ina rawar jiki a gaban mutumin nan, ban taɓa kawo wa raina shi ma akwai abin da ke firgita shi ba. Na ce, "Tare za mu shiga, Baba, tare za mu fito."

Allah ya sa haka aka yi. Ya ƙara damina biyu a duniya, kuma da lokaci ya yi, a kan tabarmarsa ya cika, Dada na gefensa.

Ya Allah, bawanka Sali ya ji tsoro, ya ɓoye shi har ya kasa. Ka amintar da shi a inda ya shiga shi kaɗai, ka yalwata masa, ka gafarta masa. Amin.