Kwanon Shagon Ƙofar Gida

Na zauna garuruwa da yawa, na ci tuwon mutane iri-iri, wani ma sai na rufe ido nake haɗiyewa. Amma tuwon da na fi tunawa shi ne wanda muka riƙa tuƙawa da hannunmu a wani ƙauye bayan Bakori, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai.

Muna shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai mata aka tura mu gwajin koyarwa firamaren ƙauyen, ni da ƙawata. Kwalejin maza ita ma ta turo biyu, wani dogo da wani gajere mai son barci. Dukanmu mun haura shekara ashirin, jarrabawa ɗaya ke jiranmu. Hedimasta ya sauke mu mata a cikin gidansa, mazan a shagon ƙofar gida. Ranar farko ya ce, "To malamai mata, ga murhu can." Ba wanda ya yi mamaki, har mu ɗin. Mu taso daga aji da ƙurar alli a hannu mu hau hura wuta, su suna miƙe a tabarma suna jin rediyo.

Ƙawata 'yar wani manomi ce Kirista daga wajen Malumfashi. Ƙannen ubanta ba su so karatun nan ba. Uban ya dage, suka bar shi da sharaɗi: ranar da aka ji wata magana a kanta, ta dawo gida ke nan. Ga ta da sanyin murya. Nakan ce mata, "Ke 'yan bencin baya sai dai su kalli bakinki su yi hasashe." Ni kuwa baki gare ni, shi ya sa matar hedimasta ta ce ƙawata ce za ta riƙa kai wa maza kwano. "Ke kin cika tsayuwa a kan mutane," in ji ta. Ita kuwa har ƙasa take durƙusawa ta ajiye.

Dogon ya fara da wasa. "Amaryata ta iso."

"Malam, ka bari."

"Haka kuke cewa duka. Wadda ta ce to ai ba 'yar gidan mutunci ba ce."

Ranar kasuwar Bakori gajeren ya tafi sayen batir. Da azahar ƙawata ta ɗauki kwano ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo wuyan rigarta a yage yake. Ta zauna bakin murhu tana ta wanke hannu. Da kyar ta ce mini, "Ya sa sakata." Sauran na gane.

Na tafi wurin hedimasta. Ya tara mu a zaure, ya dubi ƙawata.

"Kin yi ihu?"

"Na ce masa ya bari, Baba. Na yi ta faɗa."

Ya tambayi matarsa ko ta ji wani abu daga tsakar gida. Ta ce ba ta ji ba. Ita ce fa mai yabon yarinyar kullum cewa ba a jin muryarta.

Dogon ko kansa bai sunkuyar ba. "Ranka ya daɗe, kullum haka take cewa, kullum kuma sai ta dawo da kwano har da durƙuso. Ni me zan ɗauka?"

Na ce, "Aikenta aka yi."

Hedimasta ya ce in yi shiru, maza na magana. Ya yi wa dogon faɗa kamar wanda ya makara aji. Sannan ya ce a rufe maganar don mutuncinta, kuma ta ci gaba da kai kwanon yadda ta saba, don in aka ga canji mutane za su tambaya.

Ƙawata ta ce, "Ba zan ƙara shiga ɗakin ba."

"To kin zaɓa," in ji shi.

Ni na karɓi kwanon. Ina dangwarar da shi bakin ƙofa in juyo. Abin da ya fi ci mini rai, hasashen hedimasta ya tabbata. Matan da ke wucewa rijiya suka lura an sake mai kai abinci, suka tambayi matar gidan, ita kuma ba ta iya riƙe magana. Lokacin kakar auduga ne, motoci na ta kai da kawowa, zancen ya hau ɗaya ya sauka Malumfashi. Ya isa can a juye, wai malama ce ke bin malami ɗaki.

Uban bai zo ba, ƙanensa ne ya zo. Bai tambaye ta kome ba, ya ce ta ɗauko akwatinta. Ta miƙa mini littafin darasinta, ta ce 'yan aji uku sun tsaya a lissafin rabawa, kada in yi musu sauri. Da za su fita, dogon na zaune ƙofar shago. Baffan ya tsaya ya gaishe shi, "Sannu da hutawa, Malam." Ya amsa.

Mu uku muka gama gwajin, duk muka ci jarrabawa. Ita ba ta dawo kwaleji ba.