Ndidi da Sunan Ƙofar Asibiti

Ndidi 'yar Amobi ce, mai sayar da kayan gyaran mota a Bolari. A Gombe aka haife ta, in tana magana a bayan labule ba za ka ce ba Bahaushiya ba ce. Shekarar da bama-bamai suka tashi a tashoshin mota, danginta da yawa suka tattara suka koma kudu. Ita ta zauna, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Hammadu Kafi.

Lokacin ne mutanen Borno suka yi ta kwararowa gari. Waɗansunsu ba zazzaɓi ke damunsu ba. Barci ne ya ƙaurace musu, tayar keke in ta fashe sai jikinsu ya ɗauki rawa. Asibitin ya ware musu ɗaki, aka rubuta a ƙofar: Sashen Masu Taɓin Hankali.

Wata rana Ndidi ta rako wata dattijuwa, Ya Fanna, har bakin ɗakin. Matar ta tsaya.

"'Yata, me aka rubuta a nan?"

Ndidi ta karanta mata.

Ya Fanna ta gyara mayafinta. "A gabana aka ƙone gidanmu. Da ƙafa na fito da jikoki uku, ban ɓatar da ko ɗaya ba. Hankalina yana nan. Barci ne babu." Ta juya ta fita.

Daga ranar Ndidi ta kasa zama wuri ɗaya. Ta sami Malam Bamanga, shugaban asibitin, ta ce a sauke rubutun nan.

"Haka takardar ma'aikatar lafiya ta zo mana a fassare daga Turanci," in ji shi. "In kina da kalmar da ta fi, kawo ta."

Ba ta da ita. Sai ta shiga tambaya, a layin karɓar magani, a kasuwa, har a cikin keke. Ta gwada "damuwa", wani direba ya yi dariya ya ce wa ba shi da damuwa a garin nan? Ta gwada "firgita", waɗansu mata suka ce ai wannan na aljanu ne, wurin malam ake kai shi. Da ta kawo "ciwon zuciya", likita ya ƙi, ya ce za a cakuɗa su da masu hawan jini, a ba wani maganin da ba nasa ba. Ta ji an ce Ya Fanna ta koma unguwar Federal Low-Cost wajen wani ɗan uwanta. Ta je ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi, ba ta same ta ba.

Daga ƙarshe ta daina neman suna, ta ɗauki abin da marasa lafiyar ke faɗa da bakinsu. Aka rubuta: Ɗakin Masu Rashin Barci da Faɗuwar Gaba. Mai fenti ya yi ta mita, wai rubutun ya fi ƙofar faɗi. Amma kafin wata ya ƙare bencin ƙofar ya cika, har da 'yan gari waɗanda bam ya tashi kusa da su.

Malam Bamanga ya ce wannan ba sunan cuta ba ne, don haka a rahoton wata-wata tsohon sunan ya ci gaba da tafiya. Shi da Ndidi sun daɗe suna jayayya a kai, ba wanda ya sauko.

Ana cikin haka ta lura cewa mutum uku sun zo a yini guda, kowa ya ce "shawara" ke damunsa, alhali cutukansu daban-daban ne. Ta ajiye abincin da take ci, ta nufi ofishin Malam Bamanga. Yana hango ta ya dafe kai.

"Sista, yau kuma wace kalma ce?"