Baba Akawu, Wanda Ya Samo Mana Sola Yana Gidan Haya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Akawu bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ni ce mai ɗinkin da ke tsallaken titi, wadda ƙofarta ke kallon tagarsa.

Baba, shekara talatin ka yi kana cike wa mutane takardu a ofis, ka yi ritaya amma bironka bai huta ba. Da aka fito da tallafin sola, aka ce za a ɗauke wa mai gida kusan rabin kuɗin farantai da batir, ba wanda ya yarda a layinmu. Mai shago cewa ya yi banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai ka je ka karanto ƙa'idojin, ka dawo ka kafa tebur a ƙofar gida kana yi mana bayani dalla-dalla.

Sau uku ana dawo mini da fom ɗina, saboda sunan marigayi mijina ne a takardar gidan. Na ce na haƙura. Ka ce, "'Yata, takarda ba ta fi ƙarfin mai naci ba. Kawo nan." Ka yi ta sintiri har aka sa hannu. Yau kuɗin da a da nake ƙonawa a janareto shi ke riƙe da makarantar 'ya'yana. Gida tara ka yi wa haka, ko kuɗin mota ba ka karɓa. In an matsa maka sai ka ce, "Ku gode wa Wanda Ya ba mu rana. Ma'aikaciya ce da ba ta taɓa neman ƙarin albashi ba."

Kai kuwa haya kake, tallafin kuma na masu gida ne. Sau biyu kana kai wa mai gidanku fom, yana cewa ba mai huda masa kwano. Tashi kuma ba hali, fanshon bai kai kuɗin wani gidan ba. Da ciwo ya yi tsanani aka haɗa ka da injin taimakon numfashi, shi kuwa sai da wuta. In an ɗauke ta, a buɗe taga hayaƙin janareton maƙwabta ya shaƙe ka, a rufe zafi ya hana ka sakat. Mama, matarka, ta yi ta yi maka fifita da kwali.

Wata rana da azahar Mama ta tsallako, ta tambaye ni a kunyace ko za a iya jawo wayar wuta daga gidana. Na tuna ƙa'idar da ta ce duk wanda ya ba wani gida wuta za a ƙwace tallafinsa. Na ce, "Mama, bari in yi shawara." Da ka ji, ka aika na zo. Kana magana kana hutawa ka ce, "Ni na karanta miki wannan ƙa'idar. Kada ki taɓa abincin marayu saboda ni."

Baba, na yi saurin cewa to. Na koma kai maka ƙaramin batir kowace safiya, wanda ba ya wuce awa uku. Na san ajali ba ya jiran waya. Amma kullum na zauna a kan keken ɗinki, fanka na kaɗawa a kaina, tagarka nake fuskanta a rufe, kuma ɗakin ba shi da wani lungu da zan mayar da keken.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya Aljanna Firdausi ce gidanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da 'ya'yanku da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mama, ke kuma ina roƙon ki yafe mini.