Kitson Gammo

Ranar da Malama ta raba mu biyu-biyu, addu'a nake a zuci Allah ya haɗa ni da ɗaya daga cikin 'yan matan Gusau masu manyan wayoyi. Sai ta nuna ni da biro, ta nuna matar da ke zama a bencin baya kusa da ƙwaryarta. Kowa ya gane ban ji daɗi ba, don mahaifiyata ta sha faɗa mini cewa fuskata allo ce, duk wanda ya zo sai ya karanta.

Makarantar koyon sana'a ce ta mata, can wajen Damba a Gusau, ana zuwa Litinin da Laraba da Alhamis. Ni daga Tsafe nake hawo bas bayan na sallami yara. Mun koyi wanke kai da busarwa da haɗa mai, sannan aka zo kan kitso, inda nake ganin babu wadda za ta nuna mini komai, tunda tun ina 'yar shekara goma nake kitse kawunan unguwarmu. Malama ta ce kowace kan abokiyarta shi ne allonta. A ƙarshe kowane biyu za su kawo sabon kitso na ƙashin kansu, ba wanda aka kwafo a waya ba. In an ci, an ci tare. In an faɗi, an faɗi tare.

Abokiyar tawa Bafulatana ce daga wata ruga bayan Bungudu. Ta girme ni da 'yan shekaru, don haka na riƙa ce mata Adda, wato yaya a bakinsu. Kullum da sassafe take ɗauko ƙwaryar nono a ka, ta tako har bakin titi, ta shigo mota, ta zaga gidajen da take kai wa a Gusau, sannan ta iso aji da ƙwaryar wayam, ta kife ta a bayan benci, ta ɗora gammonta a kai. Wata uku ina ganin ƙwaryar nan da gammon nan kamar yadda ake ganin bango.

Fushina bai kai azahar ba. Tana cire ɗankwali na ga gashin da ban taɓa riƙe irinsa ba, baƙi wuluk, mai laushi, har gadon baya. Nan take na yafe wa Malama. Da ta zauna a kaina kuma, ni mai gashi gajere mai taurin tsiya, sai na ji hannu mai sanyi, tana tsaga da kibiya a hankali, har gyangyaɗi na yi. Sai dai nawa ce da ita. Kafin ta gama rabin kaina na kitse nata na wanke hannu.

Wata rana muna cin gyaɗa a inuwar darbejiya na tambaye ta me ya kawo ta koyon kitso, ga nono tana sayarwa. Ta daɗe tana murza ɓawo kafin ta amsa. Shanunsu sun tafi a irin abin da ya sami mutane da yawa a dajinmu, nonon ma yanzu wurin maƙwabta take sarowa.

“Shanu ana kora su, ƙanwata,” in ji ta. “Hannu ba a kora shi.”

Ta ce mijinta bai hana ba, amma maganar gidan a hannun surukarta take, ita kuma tsohuwar ta yarda ne da sharaɗi ɗaya: kada makaranta ta taɓa tallar nono, don da ita gidan yake ci. Na ji maganar, na tausaya mata, na kuma manta.

Hankalina yana kan kitson da zai sa a yi maganata. Na cika rabin littafi da zane. Daga ƙarshe na tsaya a kan wani shuku da na sa wa suna hasumiya: duk kitson ya taso daga goshi da ƙeya da gefe, ya haɗu a tsakar ka, a naɗe jelar a tayar da ita sama, a sa mata duwatsu. Ranar Alhamis na yi mata shi, na ja sosai don ya tsaya. 'Yan aji suka taru suna ɗaukar hoto. Kaina ya yi girman da da ƙyar na shiga bas ran nan.

“Adda, da zahi?” na tambaye ta, ina ɗaure na ƙarshe.

“Ba komi,” ta ce.

Dokar Malama ita ce a bar sabon kitso mako guda a ga yadda zai riƙe. Ran Litinin Adda ta zo a makare, tana juya wuya da ƙyar. Na tambaya, ta ce ba komi. Ran Laraba ba ta zo ba. Alhamis ma shiru, kuma ba ta da waya. Malama ta ce in ta sake fashi za a cire sunanta, ni kuma in san inda dare ya yi mini. Na fito ina ta sababi ni kaɗai: ga mutum ya zuba basirarsa a kan wata, ita ta ɗauke kan ta tafi da shi daji.

Ran Asabar na ce wa maigidana zan je Bungudu. Ya dube ni ya ce in dai faɗa zan je yi, in bar rabinsa a gida. Na hau bas zuwa Gusau, na sake wata, na sauka na tambayi inda masu nono suke zama. Na same su jere a gindin wata bishiya. Adda ba ta nan, amma na gane ƙwaryarta da zanen da ke bakinta, layi-layi masu lanƙwasa kamar sawun maciji. Wata tsohuwa siririya ce zaune a bayanta tana korar ƙuda da faifai. Na tabbata surukar Adda ce, na durƙusa na gaishe ta, na ce daga makaranta nake.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Ke ta ɗiyar Tsahe? Ke kinka gina mata tulu bisa kai?”

Na ce awo, Inna, ni ce, har da ɗan murmushina, ina jiran yabo.

“To ina kika so ta aza gammo?”

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, a hankali ta jero mini. Ƙullin da na yi ya zauna daidai inda gammo yake zama. Adda ta gwada ɗora ƙwarya a kansa, duwatsun suka nutse mata a fata. Ta karkatar da ita gefe, wuya ya sanƙare. Ran Laraba a hanyar fitowa titi ƙwaryar ta sulluɓe, nonon mutane ya tafi a ƙasa. An ce ta tsefe, ta ce Malama ta ce mako guda, kuma aikin ƙanwarta ne.

“Makaranta ta ƙare,” in ji tsohuwar. “Kan da ka ɗauko abincin gida ba wurin wasa ba na.”

Kunya ta kama ni, irin wadda take sa mutum ya ji zufa a tafin ƙafa. Ina nan durƙushe Adda ta ɓullo daga wani lungu, rungume da ƙaramar ƙwarya a ƙirji, ɗankwalinta ya yi tozo a sama. Ta gan ni ta yi murmushi, kamar ita ce mai laifin.

Muka shiga gidan wata mata da take sayen nono a wurinsu, aka ba mu tabarma a tsakar gida. Na tsefe hasumiyata da hannuna. A ƙarƙashin ƙullin fatar ta yi ja, ta kumbura, wuri biyu har sun fashe. Hawaye suka zo mini, kuma haushi ya biyo su, don ni haka nake.

“Don Allah, Adda, don mi ba ki hwaɗa mini ba? Sau nawa nit tambaye ki?”

“Na ga kina murna,” ta ce.

Ran nan na fahimci cewa “ba komi” a bakin Adda kunya ce da kara. An raine ta a kan cewa mutum ba ya kukan ciwo a gaban wanda ya yi masa alheri. Ni kuma na ɗauki kalmar a yadda ta fi mini daɗi.

Tsohuwar ta biyo mu da man shanu a ɗan kwano, ta ajiye, ta ajiye gammon a gefe. Ina shafa man idona ya sauka a kansa. Tsumma ne kawai aka naɗe, zagaye, da rami a tsakiya. Na ɗauka na juya shi, na ɗora a kan Adda a hankali, na bi gefensa da kibiya. Ita ta riga ni ganewa. Ta karɓi kibiyar, ta zana da'ira a ƙasa, ta ja layuka daga tsakiya zuwa waje, sannan a bayan da'irar ta yi lanƙwashe-lanƙwashen nan na bakin ƙwaryarta.

“Tsakiya ta kwanta,” ta ce. “Nan kuma ki yi mai kauri, shi riƙe gammo.”

Na juya wurin tsohuwar, na ce, “Inna, ki ba ni kanta sau guda. Ke za ki aza mata ƙwaryar da hannunki. In ta motsa, ni da kaina zan ce ta bar makarantar.”

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai bar mini gammon, ta ce tana da wani.

Ran Litinin na tsaya gaban Malama na faɗi gaskiya, cewa ni na kori abokiyata da hannuna. Ta yi mini faɗan da na cancanta, ta ce makitsiya tana fara tambayar mai kai abin da take yi da kanta kafin ta sa kibiya. Sannan ta ba mu mako biyu. Kafin ciwon ya warke na riƙa gwadawa a kan kan roba da muke koyo da shi. Na farko da'irar ta yi faɗi, gammo yana yawo a ciki. Na biyu ta matse. 'Yan aji suka sa mini suna mai gammo, suna tambaya ko fura zan fara kawowa. Na ce su jira, kowa ya yi haƙuri shi ke dafa dutse.

Asabar ta farko na koma Bungudu, Adda ta gwada a kaina. Gashina bai isa da'ira mai kauri ba, sai ta ƙara da zare. Na ce bari in nuna musu 'yan Tsafe ma sun iya, aka ɗora mini ƙwarya da ruwa. Taku huɗu na yi na yi wanka da kayana. Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki, tsohuwar ma na ga ta kare baki da gefen mayafi.

Asabar ta biyu fatar ta warke. Kafin in fara na sa Adda ta yi mini alkawari cewa in na ja za ta faɗa. Na kwantar da ƙananan kitso daga tsakar ka zuwa waje, na zagaye su da mai kauri daidai faɗin gammo, na bi bayansa da zanen ƙwarya, jelar ta sauko ta gaban kunnuwa irin nasu. Ban taɓa yin kitso a hankali haka ba. Sau ɗaya ta ce, can ƙasa-ƙasa, “Nan ya ɗan ja.” Na ji daɗin maganar nan fiye da tafin da aka yi wa hasumiya.

Ta ɗaura ɗankwali mara kauri. Tsohuwar ta tashi, ta sa gammo ya faɗa gurbinsa, ta ɗauko babbar ƙwaryar cike da nono ta ɗora mata. Adda ta sauke hannuwa ta taka zuwa bakin zaure, ta juyo, ta tsallake turmi da ke kwance, ta dawo. Tsohuwar tana biye da ita, ido a kan bakin ƙwaryar. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta sauke mata, ta rufe da faifai, ta ce rana ta yi, su za su tafi. Abin da ta ce ke nan. Na koma Tsafe ban san matsayinmu ba.

Ran Litinin ina shiga aji na hango ƙwarya a kife a bayan benci, da gammo a kai.

Mun ci jarrabawar. Da masu dubawa suka tambayi sunan kitson, Adda ce ta amsa, ta ce kitson gammo, ta kuma zaga ɗakin da ƙwarya a ka don su gani. Yanzu matar gidan nan ta Bungudu ta ba ta rumfa a tsakar gida, masu nono da masu tallar fura suna zuwa mata, har da matan gari da ba su taɓa ɗaukar ko tulu ba. Ni ma ina yi a Tsafe, kuma duk wadda ta zauna a gabana sai na tambaye ta me take ɗauka a ka, ta wane gefe take kwanciya.

Ranar da na kai mata takardar shaidarta a rumfar, na tarar da tsohuwar zaune a kan tabarmar masu jiran layi. Ba ta dube mu ba. Ta kwance ɗankwalinta, sai ga furfura fara fat, tsakar kan kuwa ta cinye, ta yi santsi, inda ƙwarya ta zauna tun kafin a haife mu.

“In akwai abin kamawa, ku kama,” ta ce.

Na tsaga, Adda ta kitsa, muka zagaye wurin da ɗan abin da ya rage. Muna cikin yi na sunkuya na ce, “Inna, da zahi?”

“Da zahi mana,” in ji ta. “Ni ba ita ba ta. Ku sassauta.”

Adda ta sassauta hannu, ta ci gaba da kitsa kan surukarta.