Sallar La'asar a Jirgin Laoban

Duk abin da zan manta na zamana a Guangzhou, ban da wata Asabar da muka shiga teku. Akwai wani dattijo ɗan China da nake sarin fitilu a wurinsa, muna ce masa Laoban, wato maigida. Yana da ɗan ƙaramin jirgin katako irin na da, mai tafiya da iska, wanda yake fita da shi bakin teku duk ƙarshen mako. Ya daɗe yana gayyatata, ranar dai na amsa, na ja wani Alhaji ɗan Maraɗi, maƙwabcina a ginin Tianxiu, inda 'yan kasuwar Afirka ke zama.

Mu biyun 'yan tudu ne, ko a kududdufi ba mu iya iyo ba. Jirgin kuwa mutum uku sun cika shi, ga wani gungume da ke riƙe gindin ƙyallen iskar yana shawagi daidai kawunanmu. Laoban ya ce kowa ya zauna.

Da la'asar ta yi, Alhaji ya tuɓe rigar hana nutsewa da Laoban ya ba mu, ya yi alwala, ya miƙe tsaye. Na ce, "Alhaji, a zaune ma ai ta halatta." Ya ce, "Haba ɗan Kano, da ƙafafuna lafiya lau?" Ya ta da kabbara.

Yana raka'a ta biyu iska ta juya. Gungumen ya taso da ƙarfi ya nufo ƙeyarsa, gabansa kuwa ruwa ne. Laoban ya saba ganinmu muna sallah a shagonsa, ya san ba a yi wa mai sallah magana. Saboda haka bai yi ihu ba, sai ya zabura ya tare gungumen da hannunsa. Har yau ina jin ƙarar karyewar ƙashin nan.

Alhaji ya sallame, ya juyo ya ga dattijon a durƙushe, hannu na lilo. Abin da Laoban ya fara tambaya shi ne, "Ya gama?" Alhaji ya fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Hannun bai koma daidai ba, dole ya sayar da jirgin. Tun ranar na gane cewa idan Allah ya yi maka sauƙi ka ƙi karɓa, sau da yawa wani bawan Allah ne zai ɗauki wahalar a madadinka.