Cukun Hawaja da Tumbin Ɗan Akuya

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halatta mana daɗaɗan abinci, Ya kuma yi mana iyaka a cikinsu.

A shekarun da nake limancin wani ƙaramin masallaci a unguwar Kurayyat, akwai wani Bature ɗan Italiya da ya tsallako teku daga garin Masawwa, shi da matarsa da tukwanen jan ƙarfe biyu. Hawaja muke ce masa, yadda Larabawa ke kiran Bature. Ya fara da shanu kaɗan a bayan gari, yana kai madara ofisoshin unguwar Bagdadiyya a kan keke tun rana ba ta yi zafi ba. Da Allah Ya buɗa masa, sai ya kafa wurin yin cuku, ya ɗauki mutanenmu aiki, har da ƙanena.

Ana nan sai magana ta bazu cewa ruwan da yake zuba wa madara ta daskare daga mushe ake ciro shi. Masu kantuna suka daina karɓar cukunsa. Ƙanena ya same ni ya ce, "Yaya, in abin nan ya ɗore Hawaja rufewa zai yi, mu koma dako a tashar jiragen ruwa. Ka zo ka duba."

Na je. Hawaja ya ajiye mini kwalbar ruwan, wadda jirgi ke kawo masa daga ƙasarsu.

"Ya Shehu, ka ce wa mutane halal ne, shi ke nan. Babu alade, wallahi."

Na ce, "Ajiye rantsuwar, ba ita na zo nema ba. Daga me aka yi shi?"

"Tumbin ɗan maraƙi mai shan nono."

"Yanka shi aka yi, ko buge shi aka yi?"

Ya buɗe hannuwa. "Oho! Maraƙin bai aiko da takarda ba."

Na bayyana masa cewa yankan ma'abota Littafi halal ne a gare mu, amma sai in yanka ne. Malamai sun saɓa a kan wannan ruwa, sai dai a mazhabarmu abin da ya fito daga cikin mushe najasa ne, ni kuma ba na shaidar abin da ban gani ba. Fuskarsa ta yi ja, ya ce, "To kai da ƙanenka ku ci littafi!"

Ban yi fushi ba. Na tambaye shi da me iyayensa suke yin cuku kafin a san kwalba. Ya ce mahaifiyarsa tumbin ɗan akuya take cusa wa gishiri, ta rataye shi ya bushe, da shi take daskarar da madara.

Washegari bayan asuba na kai shi mayanka, wurin wani mahauci Bahaushen Sudan da na yarda da addininsa. Da mahaucin ya ji buƙatar, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, baƙon naka lafiyarsa ƙalau? Abin da muke jefa wa kyanwoyi ya zo nema, har da saka kwat!"

Hawaja ya tuɓe kwat ɗin, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Yalla, mu fara." A gabana aka ambaci sunan Allah aka yanka 'yan akuya, Hawaja da kansa ya zaɓi tumbin da hannunsa.

Bushewar ta ci makonni. A tsawonsu madara da nono kawai ya sayar, bai kuma sallami kowa ba. Ranar da cukun farko ya fito, na sa aka kawo shi ƙofar masallaci bayan la'asar. Na faɗi abin da idona ya gani, na yi bisimilla, na gutsura na ci. Mai kantin da ya fi kowa yaɗa maganar shi ne ya miƙo hannu na biyu.

Daga baya motoci suka maye gurbin keken, ƙanena ya zama babba a wurin. Har tsufa ya mayar da Hawaja ƙasarsu, kwalbar nan ba ta sake shiga masana'antarsa ba.