Ɗanbaba Mai Buta da Toka

Duk wanda ya saba bin hanyar Kura zuwa Bunkure da sassafe ya san rumfar Malam Ɗanbaba, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan gab da gadar kanal, a gindin wata tsohuwar dalbejiya. Kafin masu kwandunan tumatir su fara wucewa ya riga ya share gabanta, ya cika butarsa ta ƙarfe, ya tankaɗe toka da rariya ya zuba a gwangwani. Buta da toka su ne manyan kayan aikinsa, kuma su suka jawo masa tsokana shekara da shekaru. Direbobi kan rage gudu su leƙo su ce, "Malam, yau wace motar za a yi wa alwala?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ya ci gaba da tankaɗensa.

Sana'arsa gyaran jikin mota ce, buga ƙarfe da walda. Amma abin da ya fi kowa a kai shi ne gano ta inda ruwa ke shiga but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota. A wannan yanki namu mota ba ta rabuwa da ruwa. A bakin kanal ake wanke ta da bokiti, ta bi hanyar gona cikin taɓo, a ɗura mata tumatir har ya fashe ya tsiyaye. Sauran masu gyara, idan ka kai musu ƙorafin but mai jiƙa, sai su shafe ko'ina da gam su ce ka je an gama. Ɗanbaba ba ya haka. Barbaɗa toka yake a cikin but ɗin, ya naɗe ƙafafu ya shige da tocila, a rufe shi ruf. Sannan wani ya riƙa tsiyaya ruwa da buta daga waje, kaɗan-kaɗan, a fara daga ƙasa a yi sama. Yakan ce in ka fara zubawa daga sama, ko'ina zai jiƙe ka rasa mai laifi. Inda ruwan ya ratsa kuwa, sai ya bar sawunsa a kan tokar.

Isiyaku direba har yau yana ba da labarin shekarar da irin shinkafarsa ya tsiro a cikin buhu a but ɗin motarsa. Ya zaga garejin Kura kaf, ba wanda ya gano matsalar. Ɗanbaba ya shiga ya kwanta cikin zafin bazara har rigarsa ta manne a jikinsa, ya fito ya nuna masa wata 'yar ɓula a ƙarƙashin robar gilashin baya, wadda da kyar allura za ta shige. Isiyaku ya yi godiya, ya tafi, washegari kuma da shi aka yi tsokanar alwalar mota. Haka muke.

Bana da rani idanun Ɗanbaba suka fara hazo. Likitan ido a Kano ya duba ya ce hasken walda ne ya cinye su, idan yana son abin da ya rage, to ya ajiye ƙarfen nan. Ya dawo ya naɗe wayar walda ya rataye, ya ce da iyalinsa da damina ta faɗi zai rufe rumfa. Ana cikin haka aka turo masa wata tsohuwar Fijo daga Bunkure, fara, irin waɗanda yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya a kan titi.

Ya gane ta tun kafin ta tsaya, da ƙarar ƙofarta. Motar marigayi Muhammadu Sani ce, manomin rani, wanda ya riƙe ta kamar ɗiyarsa har Allah ya yi masa rasuwa. Matarsa Hajiya Mairama ce ta fito daga baya, babban ɗansu Mudassiru daga gaba. Da aka buɗe but ɗin sai wani wari na ruma ya bugo. Ruwa kwance a ramin safayar taya, gindin ya yi tsatsa jawur.

"Baba, ni dai na gaya wa Inna gaskiya," in ji Mudassiru. "Ruwa ya ci gindinta. 'Yan gwangwan sun zo sun gani, ranar kasuwar Bunkure za su ɗauka. Ita ce ta ce sai kai ka duba tukuna."

Ba mugun ɗa ba ne Mudassiru. Ya gaji ne da kwashe ruwa da kofi duk lokacin da aka yi wanki. Hajiya Mairama ba ta dube shi ba, kuma ba ta kama sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari.

"Malam Ɗanbaba, yaron nan a motar nan aka kai ni asibiti haihuwarsa. Duk abin da maigidana ya bari an raba, ita kaɗai ce har yanzu nake buɗewa in ga inda hannunsa ya goge sitiyari. Ba na so a sare ta da gatari ina raye. In ka ce ba ta gyaruwa, na haƙura."

Ɗanbaba ya leƙa but ɗin. Sai ya kwashe ruwan, ya bar but ɗin a rana ya bushe, ya ɗauko gwangwanin toka. Babu mai zuba masa ruwa, domin duk waɗanda suka taɓa zama a rumfarsa sun gudu tun tuni, sun ce su ba za su kwanta a but kamar buhun albasa ba. Mudassiru ya ɗauko bokiti, Ɗanbaba ya ce a'a, ya miƙa wa Hajiya butar.

"Hajiya, ke za ki zuba. Hannunki ya fi nasa haƙuri. Ki fara daga danja, fitilar baya, kada ki hau sama sai kin ji na buga."

Aka rufe shi. Tocilar ba ta ƙara masa komai ba, hazo ne kawai mai haske. Sai ya kashe ta, ya riƙa bin ƙarfen da bayan hannunsa. Can ya ji sanyi yana gangarowa daga gefen danjar hagu, inda robar ta tsufa ta tsage. Wannan ƙaramin abu ne, kowace tsohuwar mota tana yi. Abin da ya dame shi, me ya hana ruwan fita? Ya bi sawun da yatsa har ramin safaya, ya laluba inda ya san akwai 'yan ramukan da ruwa ke tsiyayewa ƙasa. Sai ya ji su a toshe, da wani abu mai tauri da santsi.

Da aka buɗe ya kasa fitowa da kansa, sai da Mudassiru ya kama shi. Ya zauna a ƙasa, toka har gemu, ya ce, "Kwalta ce aka liƙe ramukan da ita. Ba ta nan ruwan ke shiga ba, ta nan yake fita."

Hajiya Mairama ta ajiye butar a hankali. "Ni na narka wa marigayi ita," ta ce. "A murhuna. Shekarar da kanal ya ɓalle ya shiga hanyar gona, ya ce ta ramukan nan ruwa ke hawowa. Har yabona ya yi, wai na iya dama kwalta." Ta ja mayafinta ta rufe fuska. "Ashe da hannunmu muka riƙa kashe ta."

"Ba ku kaɗai ba, Hajiya. Rabin manoman nan haka suka yi. Ƙauna ce ta sa, ba sakaci ba."

Ya kankare kwaltar, ya yanka sabuwar roba ya sa wa danjar. Saura gindin da tsatsa ta huda, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da walda. Duk garejin kusa sun ce ƙarfen ya yi siriri, zai ƙone. Matarsa Adama ta ce ba ta yarda ba. Ya ce mata, "Na ƙarshe ne." Ya sauko da wayar da ya rataye, ya yi waldar ta kama, amma ta tafi da sauran ganinsa. Ranar kasuwa 'yan gwangwan suka zo da kurarsu, suka koma da ita babu komai.

Malam Ɗanbaba, kai ne wanda ya yarda a rufe shi cikin duhu don kayan wani su bushe. Kai ne muka yi wa dariya da safe, muka kawo wa mota da yamma. Ba mu taɓa saya maka gilashin walda na kirki ba, ba mu turo maka ɗa ko ɗaya ya zauna ya koya ba. Yau da muka tashi yabonka, ba za ka iya karanta yabon ba, sai dai a karanta maka. Wannan abu yana mana ciwo, kuma ya kamata ya yi.

Ruwan farko na bana ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye Mudassiru ya tuƙo Fijon har ƙofar gidan Ɗanbaba, uwarsa a baya. Aka kamo hannun tsohon aka fito da shi. Tokar da ya barbaɗa ranar da ya gama aikin tana nan, domin Hajiya ta hana a share.

"Malam, ka gani?" ta ce, sai kuma ta gane abin da ta faɗa.

Ya sunkuya ya shimfiɗa tafin hannunsa a ramin safaya, ya ɗebo tokar ya murza, ta zube tsakanin yatsunsa.

"Na gani, Hajiya. A bushe take."

Mun gode, Malam Ɗanbaba. Allah ya saka maka, ya ba ka hasken da ya fi wanda ka rasa. Ku kuma masu sauran ido, mutumin nan yana nan da ransa, hannunsa bai manta komai ba, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Butar tana rataye a jikin dalbejiyar bakin gada. Har yau ba wanda ya zo ya sauke ta.